Tambaya da Amsa: Ina ake saita foldar da kowane aiki zai riƙa ajiye fayilolinsa a QGIS?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ayyuka uku nake riƙe da su a QGIS, manhajar haɗa taswira, biyu na filaye, ɗaya na rijiyoyin burtsatse. Duk lokacin da zan fitar da leya, wato shimfiɗa ɗaya ta bayanan taswira, sai manhajar ta kai ni foldar aikin da na taɓa na ƙarshe. Makon jiya har na tura wa wani fayil ɗin da ba nasa ba. Ga shi kuma na ba abokin aikina fayil ɗin aikin a filashi, ya buɗe bai ga komai ba sai alamun gargaɗi. Akwai inda ake saita wa kowane aiki foldarsa? Ko dai bayanan nawa sun lalace ne? Hankalina a tashe yake. Wata mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, in dai ba ki goge komai ba, bayananki na nan a kwamfutarki.

A QGIS 3 babu maɓalli ɗaya da zai ɗaure duk abin da ake fitarwa a folda ɗaya, domin ƙofofin fita uku ne, kowace da halinta. Taswirar da kika tsara a Print Layout ita ce mai sauƙin kai: tana fara duba inda wannan aikin ya fitar da taswira a baya, in babu, sai ta koma gidan aikin. Ana saita gidan a Project, Properties, General, a layin Project home. Ctrl+Shift+P na kai ki can kai tsaye. Ki fitar da PDF sau ɗaya zuwa inda kike so, ki adana aikin, zai riƙe wurin.

Save Features As, hanyar fitar da leya zuwa sabon fayil, ita ce ta ba ki kunya. Foldar da take tunawa tana cikin saitin mai amfani ne, ba cikin aikin ba, shi ya sa take bin ki daga aiki zuwa aiki. Ki riƙa danna ɗigo ukun nan da ke gefen File name, ki karanta hanyar gaba ɗaya kafin ki ce OK. Kada ki rubuta suna tsurarsa, don a Windows takan nemi ajiye shi a foldar manhajar, ta dawo miki da kuskure. Abin da ya fi mini shi ne ki ƙirƙiri GeoPackage guda, wato fayil ɗaya da ke ɗaukar leyoyi da yawa, a foldar aikin, ki buɗe Project Home a sashen Browser na cikin QGIS, ki ja leyar ki sake ta a kan GeoPackage ɗin. Babu tambayar folda ma balle a ɓata.

Kayan Processing kuwa, wato kayan sarrafa leyoyi, suna da Output folder a Settings, Options, Processing, General, amma shi ma na mai amfani ne. Mai manyan ayyuka na iya buɗe User Profile daban ga kowanne, sai dai zai sake girka ƙarin kayan da yake amfani da su a kowane ɗaya. Idan jerin leyoyi kike sarrafawa a Batch, ki cike wurin ajiya da lissafi irin @project_home || '/fitarwa/rijiyoyi.gpkg', kowane layi da sunansa. Masu ArcGIS Pro, wata manhajar taswira, sun huta da rabin wannan, domin kowane aiki na zuwa da foldarsa da rumbun bayanansa.

Maganar filashin ita ta fi damuna, don kusan kullum sai an kawo irinta. Mutane sun ɗauka da zarar sun danna Save, komai ya shige cikin fayil ɗin aikin, mai ƙarewa da .qgz. Bai shiga ba. Wannan fayil takardar lissafin kayan lefe ce, ba akwatunan ba. Abin da ke ciki shi ne sunayen leyoyi, inda kowace take zaune, launuka, rubutun kan taswira da tsarin shafi. Ki duba girmansa: sau da yawa bai kai megabayit ɗaya ba, alhali hoton tauraron ɗan adam ɗin da ke ƙarƙashin filayenki ya ninka haka sau ɗaruruwa. Ta ina zai shiga? Abokin aikinki takardar kika ba shi, akwatunan suna gidanki.

Laifin na masu horon kwana uku ne, waɗanda ke karɓar kuɗi su koya wa mutum canza launi da saka kibiyar arewa, su miƙa masa satifiket ba su taɓa ce masa ga inda bayanai ke kwana ba. Sai mutum ya kwashe wata guda a rana da GPS, ya share Downloads don samun fili, washegari a hau zagin manhaja, ko a ce ƙwayar cuta ce, wani gwanin WhatsApp ya ce a goge kwamfutar a sake girkawa. Wanda ya bi wannan shawarar ya ƙarasa abin da ya saura da hannunsa.

Mafi hatsari su ne leyoyin wucin gadi. Duk kayan aikin da kika bari a kan Create temporary layer, sakamakonsa a ƙwaƙwalwar kwamfuta yake, za ki ga 'yar alama a gefen sunansa. Ko kin adana aikin sau goma, da an ɗauke wuta ko kin rufe manhajar, sunan leyar zai dawo, cikinta fayau. QGIS na yin gargaɗi kafin a rufe, amma wa ke karantawa? Ki danna alamar, ko ki zaɓi Make Permanent, tun kafin ki tashi salla.

Shapefile, wani nau'in fayil ɗin leya, shi ma da nasa hatsarin. Ba fayil ɗaya ba ne: .shp, .shx da .dbf dole su tafi tare, .prj kuma shi ke faɗin tsarin ma'auni. A bar shi a baya, wanda ya karɓa ya yi ta cankar ko tsarin Minna ne ko na WGS 84, iyakar fili ta gusa da mitoci masu yawa, a ƙare a gaban mai unguwa.

Ga gyaran aikinki. Ki buɗe folda ɗaya ga kowane aiki, fayil ɗin .qgz a bakin ƙofa, a ciki kuma 'yan foldoji uku: ɗanyen bayani, wanda aka sarrafa, da fitarwa. A shafin General ɗin nan ki tabbatar Save paths na kan Relative, wato aikin ya riƙa neman leyoyinsa daga inda fayil ɗinsa yake zaune. Wannan ba ya aiki idan aikin na C: bayanan kuma na D:, sai sun zauna a faifai ɗaya. Leyoyin da suka warwatse ki tattara su da Package Layers zuwa GeoPackage guda, sannan ki mayar da kowace kan sabon wurin da Change Data Source. Hotuna kuwa, irin na tauraron ɗan adam, da hannu za ki kwafe su. Ki rufe QGIS kafin ki kwafa, domin muddin kina ganin fayil mai ƙarewa da -wal a gefen GeoPackage, akwai yiwuwar gyaranki na ƙarshe bai gama shiga ba.

Sai ki kwafe foldar sukutum zuwa filashi, ki buɗe aikin a wata kwamfutar da ba taki ba. In akwatin Handle Unavailable Layers, mai nuna leyoyin da ba a samu ba, bai fito ba, ki miƙa wa abokin aikin naki.