Ɗan ƙanwata yana jifa a High-A, ERA ɗinsa ya haura 5: ya ci baya ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ɗan ƙanwata haifaffen Amurka ne, shekararsa 21. Bara wani kulob na besbol ya ɗauke shi daga jami'a, yanzu yana jifa a matakin High-A, ɗaya daga ƙananan matakan da ke ƙasa da babbar gasar Amurka, a gasar Midwest. Daga nan Kaduna nake bin sakamakonsa, kuma hankalina ya tashi. Wasa 8 ya fara, inin (zagayen wasa) 35, ERA 5.40, wato matsakaicin makin da ake ci a kansa a kowane inin 9. Ya fuskanci masu bugu 155, ya fitar da 44 da sitiraik uku (jifa mai kyau da mai bugu ya kasa bugawa), ya bai wa 13 wucewa kyauta saboda jifarsa ta kauce sau huɗu. Da ya kai jifa 75 sai a cire shi. A Afrilu yana jefa mil 95 a awa, yanzu 92 yake yi. Ya gaya wa uwarsa hannun yana ɗaure masa ƙasa da gwiwa, amma bai faɗa wa kulob ba don kada a ajiye shi. Wani mai horarwa a intanet ya ce ya sayi ƙwallaye masu nauyi zai kai 99, in ma jijiyar ta tsinke ai tiyata ƙara gudu take yi. Yaya zan gane ko yana ci gaba, ko sallamarsa za a yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, a duk abin da ka lissafa abu ɗaya ne ya isa ya hana ka barci, wato hannun nan da raguwar gudu. Bari mu fara kawar da ERA daga hanya, don shi ne mai sauƙi.

Inin 35 da ERA 5.40 na nufin maki 21 aka ɗora masa. Cire 5 kawai daga ciki, abin da dare ɗaya marar kyau zai iya jawowa, lissafin ya koma 4.11. Ka ga ashe lamba ce mai rawa. A ƙananan matakai masu tsaron fili ba su gama gogewa ba, ƙwallon da ɗan babbar gasa zai cafke sai ta faɗi ta zama bugu, mai jifa kuma shi ke ɗaukar nauyin. Ga kuma abin da takardar sakamako ba ta nunawa: kulob yakan umarci yaro ya riƙa jefa jifar da bai iya ba tukuna, misali mai rage gudu, ko da za a yi ta dukanta, domin koyo aka kai shi yi.

Lambobin da suka fi faɗin gaskiya ka riga ka kawo su da kanka. 44 cikin 155 kashi 28 ne cikin ɗari, 13 cikin 155 kashi 8 ne. Ka debe na biyu daga na farko, saura 20, kuma wannan tazara ce mai kyau ga mai fara wasa. Masu nazarin alƙaluman wasan sun nuna cewa yawan fitarwa da sitiraik yana fara zama abin dogaro bayan masu bugu kamar 70, yawan wucewa kyauta bayan kamar 170, amma rabon ƙwallayen da ke faɗuwa cikin fili su zama bugu sai an tara kusan 2,000 kafin a ce halin mai jifa ne. A shafin alƙaluman wasa na FanGraphs nemi layin BABIP, shi ne wannan rabon. Matsakaicinsa yana wajen .300. In nasa ya kai .350 ko sama, rashin sa'a da raunin masu tsaro suna da kaso babba a cikin 5.40 ɗin nan.

Sai shekaru. Yawancin 'yan High-A suna tsakanin 22 da 23, shi kuwa 21, yana karawa da yayyensa ke nan. Shafin Baseball-Reference yana da layi na musamman da ke nuna tazarar shekarun ɗan wasa da na abokan gasarsa. Cire shi a jifa 75 kuma ba fushi ba ne. A jami'a sau ɗaya a mako yake jifa cikin 'yan watanni, yanzu ya shiga kakar wasa 132 daga Afrilu zuwa Satumba. Yaron da ake ƙirga wa jifa haka, tattalinsa ake yi.

Yanzu maganar hannu. Faɗuwar mil 3 cikin wata biyu tare da ɗaurewar tsoka tsakanin gwiwa da wuyan hannu, waɗannan biyun a haɗe su ne alamun da likitocin wasanni suka fi tsoro. A gefen ciki na gwiwar hannu akwai wata ƙaramar jijiya da ke riƙe ƙashin sama da na ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da UCL. Duk jifar da aka yi da iyakar ƙarfi tana ɗora mata nauyin da ya kusa iyakar abin da za ta iya ɗauka. Abin da ke kare ta shi ne tsokar gaban hannu, wadda ke raba nauyin da ita. In tsokar ta gaji, ko jijiyar ta fara saki tsokar na aikin biyu, sai yaro ya ji ɗaurewa daidai inda ɗanku ya nuna. Yana iya zama gajiya ce kawai wadda hutun 'yan makonni zai kawar. Yana iya zama kuma farkon yagewa. Daga Kaduna ba za ka iya rarrabewa ba, shi ma ba zai iya ba, sai likita ya lanƙwasa hannun ya gwada, in da hali a ɗauki hoton MRI.

Maganar da mai horarwar nan ya faɗa masa, cewa tiyata tana ƙara gudu, ita ce ƙaryar da ta fi kowace lalata hannayen yara a wannan wasa, kuma ta ƙi mutuwa. Har wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya gano kusan rabin ɗaliban sakandare 'yan wasa da aka tambaya, da fiye da sulusin iyaye, sun yarda a yi wa mai lafiyayyen hannu wannan aiki don ya ƙara ƙwazo. A yanka hannun da babu abin da ya same shi! Wannan wace irin magana ce?

Ga yadda aikin yake. Dokta Frank Jobe ne ya fara yin sa a 1974 a hannun Tommy John na kulob ɗin Dodgers, shi ya sa ake kiran aikin da sunansa. Ana ciro wata jijiya daga wuyan hannu ko bayan cinya, a huda ƙasusuwan gwiwa biyu, a zura ta a ɗaure ta maye gurbin wadda ta tsinke. Faci ne. Babu abin da ke cikinsa da zai sa hannu ya fi yadda Allah ya halitta shi gudu. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, yaro ya shafe watanni yana jifa da jijiya mai rauni gudunsa na zubewa, daga 95 zuwa 92 zuwa 90. Aka yi aiki, ya yi wata 12 zuwa 18 yana gina kafaɗa da ƙugu da cinya a gaban ƙwararru, ya dawo yana jefa 95. Sai a ce tiyata ta ƙara masa mil 5, alhali nasa na da ne ya dawo, kuma guminsa ne ya dawo da shi.

Masu wannan talla kullum Jacob deGrom suke kawowa, wanda aka yi wa aikin a 2010 yana ƙananan matakai, daga baya ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2018 da 2019. Ba sa faɗin cewa a 2023 sai da aka sake buɗe gwiwar. Ba sa kuma kawo Brady Aiken. Shi ne na ɗaya gaba ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa da kulob-kulob suka yi a 2014, aka yi masa aikin a 2015, a 2017 ya yi jifa a wannan gasar ta Midwest da ɗanku yake ciki, ya ba da wucewa kyauta 101 a inin 132, bai taɓa wuce matakin ba har ya bar wasa. Gaskiya ne mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin suna komawa fili. Amma ɗan babbar gasa mai kwantiragin miliyoyi za a jira shi. Yaro mai shekara 21 a High-A in ya ɓace shekara ɗaya da rabi, zai dawo yana 23 a matakin da ya bari, an kuma ɗauko sababbi sau biyu a bayansa, domin kowace shekara zaɓen yana da zagaye 20.

Ƙwallaye masu nauyi kuwa, ba haramun ba ne a kansu, kulob-kulob da yawa suna amfani da su a ƙarƙashin kulawa, kan lafiyayyen hannu, a lokacin hutu. Ƙwallon wasa giram 142 zuwa 149 ne. Wani gwaji da aka buga a 2018 kan matasa ya nuna shirin mako 6 na jifa da masu nauyi ya ƙara gudu da kashi 3 cikin ɗari, amma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi shirin sun samu rauni a gwiwa, waɗanda ba su yi ba kuwa ko ɗaya. Wannan kan masu lafiya ke nan. Wanda ya ba yaro mai ɗaurarren hannu wannan shawara a tsakiyar kaka, bai taɓa hannun ba, bai ga hotonsa ba, to kuɗinsa yake so. Irin waɗannan mutane suna sa bidiyon jifa ɗaya tak, yaro ya sheƙo da gudu ya wurga ƙwallo cikin raga, na'ura ta nuna 99, a yi ta ihu. Ba za ka taɓa ganin bidiyon yaron bayan wata shida hannu a naɗe ba. Hukumar babbar gasa da kanta ta fitar da rahoto a Disamban 2024, bayan ta ji ta bakin mutum fiye da 200, likitoci da masu horarwa da tsofaffin 'yan wasa, ta ce farautar gudu da jifa da iyakar ƙarfi kowane lokaci su ne kan gaba wajen jawo wannan annoba. Matsakaicin jifa mai gudu a babbar gasa wajen mil 94 ne. Yaronku yana da 95 in yana da lafiya. Me zai je nema a 99?

Su ma kulob-kulob suna da nasu laifin. A ƙananan matakai ba kasafai suke bayyana ciwon ɗan wasa ba, sai dai ka ga layi ɗaya a shafin sauye-sauye na MiLB, wato gasar ƙananan matakai, an sa shi jerin masu jinya na kwana 7, babu dalili, babu ranar dawowa. Wannan rufa-rufar ce ke ba jita-jita gindin zama, ita ce kuma ke sa yara ɓoye ciwo. Don haka ka san bambancin: jerin kwana 7 na ƙaramin abu ne ko abin da ake kan bincika, na kwana 60 babba ne, jerin horo na musamman kuma yawanci gyaran salon jifa ne ko rage nauyin aiki, sunansa yana nan a kulob.

In likita ya wanke hannun, ga yadda za ka riƙa binsa. Wasan ƙarfe 7 na yamma agogon gabashin Amurka ƙarfe 12 na dare ne a wajenmu, saboda haka da safe ka buɗe takardar wasan. Ka rubuta jifa nawa ya yi da nawa ne sitiraik a ciki, abin so kashi 62 zuwa 65. Ka rubuta masu bugu nawa ya fuskanta, da K (waɗanda ya fitar da sitiraik) da BB (waɗanda ya bai wa wucewa kyauta). Kada ka yanke hukunci sai ka tara wasa biyar-biyar ka kwatanta. In kana kallo, ka lura ko gudun inin na biyar ya yi daidai da na farko, ka kuma lura da abin da yake jefa wa masu bugun da hannunsu ya saɓa da wanda yake jifa da shi. Mai jifa iri biyu kacal yakan ƙare a benci yana shigowa inin ɗaya. Matakin da ke tace mutane shi ne Double-A, na gaba da High-A, inda masu bugu suka daina bin ƙwallon da ta kauce. Idan ya kai can ko Triple-A, matakin ƙarshe kafin babbar gasa, ka duba filin kafin ka tsorata da ERA: Amarillo, Albuquerque, Reno da Salt Lake garuruwa ne masu tudu, iska ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya nesa, jifa mai lanƙwasa ba ta karyewa sosai.

Batun sallama, tun 2024 kowane kulob mutum 165 kawai aka yarda ya riƙe a ƙananan matakansa na cikin Amurka, don haka ana sallama kam. Waɗanda aka fi sallama su ne masu shekara 24 ko 25 da suka maƙale a matakin A, fitarwarsu na raguwa. Ɗanku ba ya cikin wannan sahu. Ranar da za ka san ainihin darajarsa a idon kulob tana gaba: wanda ya sa hannu a kwantiragi yana da shekara 19 ko fiye, kafin Disamba ta huɗu dole a sa shi cikin jerin mutum 40 na babban kulob, in ba haka ba wani kulob zai iya ɗauke shi a wani zaɓe da ake kira Rule 5 kan dala 100,000.

Yau ɗin nan ka kira shi, kai kawunsa ne, zai ji maganarka. Ka tambaye shi daidai ina ne ke ɗaurewa, ko a gefen ciki na gwiwa ne, ko yana jin zafin lokacin da hannu ya koma baya zai saki ƙwallo, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa ko tsikari bayan wasa. Ko me ya amsa, ya je wurin jami'in lafiyar kulob kafin ya sake ɗaukar ƙwallo, ko da ta ɗumama jiki ce, ya faɗi ranar da abin ya fara ba tare da ragewa ba. In an ɗauki hoto aka yi maganar aiki, ya nemi wani likitan gwiwa na biyu ya duba hoton kafin ya sa hannu a kan komai. Allah ya ba shi lafiya.