Hukuncin cire sunan mace daga bashin gidan haɗin gwiwa bayan saki

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙauye cikin Ƙaramar Hukumar Jahun. Ni da tsohon mijina, wanda malamin firamare ne, mun karɓi bashin gina gida daga banki da sunayenmu mu biyu, ana yankar albashin kowannenmu duk wata. Yanzu ya sake ni, idda ta cika, na koma gaban iyayena, shi yana cikin gidan, amma har yau ana yankar albashina. Ya aiko mini da takarda in sa hannu cewa na fita daga gidan, shi zai ɗauki ragowar bashin. Shin in sa hannu?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 'Yar'uwa, kada ki sa hannu a wannan takarda yadda take, domin za ta raba ki da gidan amma ba za ta raba ki da bashin ba. Saki igiyar aure kaɗai yake kwancewa, ba ya taɓa mallakar da kika samu da guminki, kuma ba ya sauke alkawarin da kuka ɗauka wa banki, alhali Allah Ya umarci muminai da cika alkawura a farkon Suratul Ma'ida.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne matsayin maganarsa ta cewa ya ɗauki bashin. Malamanmu na Malikiyya sun bambance hawala, wato mayar da biyan bashi kan wani, da hamala, wato lamuni, kuma mai littafin Risala ya bayyana cewa hawala ba ta tabbata sai a kan bashin da ake bin wanda aka tura wa biya, in ba haka ba to lamuni ne kawai. Lamuni kuwa ba ya wanke wanda ake bi. Ko da ya rantse a gaban dagaci da limami, banki yana da damar ya ci gaba da bin ki duk ranar da ya gaza, kuma idan ajali ya riske ki a haka, daga dukiyarki za a nemi biya kafin a raba gado. Saboda haka wuyanki ba ya fita sai mai bin bashin da kansa ya yarda ya sauke miki a rubuce, wanda a al'ada ba ya yi sai ya duba ko albashin mutumin shi kaɗai zai iya ɗaukar biyan.

Sai batun rabonki. Sa sunanki a takarda da yankar albashinki hujja ce mai ƙarfi cewa tarayya kuka yi, ba kyauta kika yi masa ba, kuma wanda ya yi da'awar kyauta shi zai kawo shaidu. Mai tarayya kuwa da ƙimar gidan ta yau ake sallamarsa, ba da adadin kuɗin da ya zuba shekarun baya ba, domin kowa ya san yadda farashin siminti da kwano ya tashi. A samu masu kimanta gida adalai biyu su yi masa kuɗi, a cire ragowar bashi, abin da ya saura a raba gwargwadon abin da kowa ya zuba: idan sulusi kika biya, sulusi ne naki. Haka nan duk abin da aka yanka miki tun bayan rabuwa yana cikin lissafi. Ba ya halatta ya matsa miki ki yafe a bakin ya bar miki 'ya'ya ko ya ba ki takardar saki, domin Suratun Nisa'i ta hana miji karɓe ko da sadakin da shi ya bayar, balle abin da ba daga hannunsa ya fito ba. Idan yana da halin sallamarki ya yi ta ja miki rai, hadisi ingantacce ya kira jinkirin mawadaci zalunci.

Ba zan wuce ban taɓo riba ba. Idan bashin mai ruwa ne, kamar na Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 wanda ake ɗora wa kashi 6 cikin 100, ku tuba ku biyun, ku gaggauta fita daga cikinsa, kuma kada ya ci sabon bashin ruwa don ya biya ki. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna aiki a ƙasar nan tun da Jaiz ya fara a 2012, sai ya neme su. Idan duk ya gagara, a sayar da gidan, a biya banki, a raba saura.

A aikace, a fara da sulhu tsakanin waliyyinki da magabatansa, a rubuta yarjejeniya da shaidu kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta koyar, sannan ku je banki tare. Sa hannunki na sallama ya zo a rana ɗaya da karɓar haƙƙinki da takardar bankin da ta cire sunanki, sannan a gyara takardar fili a hukumar da ta bayar da ita, domin Dokar Filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar hukuma wajen sauya mallaka. Idan ya ƙi, ki kai ƙara kotun shari'ar Musulunci da takardun albashinki. Allah ne Mafi sani.