Amsa ga ɗan'uwan da kaji da zabi suka tare ƙarƙashin Fijon mahaifinsa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ka ce Fijo 504 ɗinsa tana ajiye a rumfa, a gidan gonarku da ke hanyar Dange, ba ku da niyyar sayar da ita, ga shi kuma kaji da zabi sun mayar da ƙarƙashinta makwanci, har wata kaza ta fara zuba ƙwai a wurin. Kana tambaya ko a bar su ko a kore su. Na daɗe ina kiwon kajin gida da zabi, kuma akwai tsohuwar a-kori-kura 404 ta kawuna da ke hannuna, shi ya sa na ga ya dace in sa baki.

Shawarata ita ce a raba su da motar, amma ba da jifa ko kora ba. Ko ka kore su da safe, kafin azahar sun dawo, domin buƙata ce ta kai su. Kaza ba ta gumi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, za ka gan ta baki buɗe tana haki, fikafikai a sake. Ƙasar da ke ƙarƙashin motar da ta daɗe ba ta motsa ba, rana ba ta taɓa ta, sai kaza ta tone rami ta kwantar da ƙirjinta a ciki. Shirwa kuma ba ta da hanyar kawo sura a wurin, uwa mai 'yan tsaki ta san da haka sarai. Da hunturu motar na tare musu iska. Ita kuwa zabuwa dama ɓoye ƙwai halinta ne, damina na faɗuwa za ta nemi lungu.

Ta ɓangaren mota, kashin tsuntsu yana cin fenti, musamman idan ya bushe a kai cikin zafi. A motar kawuna zabi kan rufi da bonet suke kwana. Kashinsu da gashinsu suka taru a kwararon da ke gindin gilashin gaba, suka toshe ramukan da ruwa ke bi ya fita. Kwanon rumfar yana ɗan yoyo, to duk damina ruwa na kwance a wurin. Ranar da muka kankare, sai ƙarfen ya riƙa ɓarewa a hannu kamar ɓawon albasa, sukudireba na ratsawa har ciki. Dole mai walda ya yanke wurin ya yi faci.

Duk da haka, ɓarnar da ta fi yawa ba kajin ke yi ba. Inda ake watsa musu gero da dusa, ɓera na zuwa. Ɓera ya shige cikin kushin ya yi sheƙa da soso, ya ciccije wayoyin wuta a bayan sitiyari, inda mai gyaran waya zai sha wahala kafin ya gano. Bayan ɓera da ƙwai kuma sai maciji. Gamsheƙa na son ƙwai, kuma tsohuwar mota cike take da maɓoya. Don Allah ka hana yara zura hannu ƙarƙashin kujera ko cikin but neman ƙwai.

Motar nan ta cancanci a kula da ita. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma ya shafe kimanin shekara 30 yana harhaɗa 504, shi ya sa har yau makanikai sun san injinta ciki da bai, kayan inji kuma ba sa wuyar samu sosai. Lafiyayyen bodi da kujeru na asali su ne idan suka lalace mayar da su ke da wuya.

Abin da ya fi damuna ma ba motar ba ne, lafiyar iyalinka ce. Leƙa ka gani ko tsohon batir yana nan a jikinta ko an jingine shi a gefe. Batirin mota dalma ce a cikinsa da ruwan batir. Idan ya fashe, kaza na tsattsagar ɓarɓashin, kuma dalma na iya bi ta jikinta ta shiga ƙwai da nama. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, mun ga yadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Can daga haƙar zinariya ta fito, kuma yawanta ya wuce misali, amma dalma ko kaɗan ce ba ta da kyau a jikin ƙaramin yaro. Haka baƙin mai da ya ɗiɗɗiga a ƙasar da suke birgima. Ka fitar da batirin yau, ka kankare ƙasar da ta yi baƙi ka kwashe ta, a zuba sabon yashi. Ni dai ƙwan da aka saka a irin wannan wuri ba na ba yara.

Akwai kuma kaskar kaji, wadda ke ɓuya a tsaguwa da rana, ta fito da dare ta sha jini. Idan ka ga kaji na ramewa, tukkunsu ya koɗe alhali suna cin abinci, haska tocila da dare a ƙarƙashin fikafikansu.

Game da mai ƙwai: idan zubawa kawai take yi, kwashe su, ka tanadar mata wani wuri. Idan kuwa ta riga ta kwanta a kai, ka ƙyale ta. Kwana 21 ne ta ƙyanƙyashe, na zabi 26 zuwa 28. Tayar da kaza mai kwanci na iya jawo asarar ƙwan gaba ɗaya.

Kafin ka rufe musu rumfa, fara yi musu nasu wurin. Akurki a inuwa, mai shan iska, da sandunan hawa a sama domin zabi ba sa son kwanan ƙasa, da ruwa mai sanyi, da wani gefe da ka zuba toka da yashi don birgima. Abinci a can kaɗai za a riƙa ba su. Ka riƙa kora su ciki da magariba har su saba. Sannan ka zagaye rumfar mota da ragar waya har ƙasa, a ɗora motar kan bulo don tayoyi su huta, a rufe gilasai, a toshe bakin salansa da raga. Kada ka naɗe ta da tamfol ruf da damina, laima ce za ta taru a ciki. Harawa da kara kuma a nisanta su, saboda gobara.

Duk ranar da za ku tayar da motar, a fara buɗe bonet, a bubbuga da sanda, a haska ko'ina. 'Yan tsaki kan lafe kusa da lagireto, kuma fanka da fambel ba sa barin abin da suka kama. Idan ka turo hoton rumfar da na ƙarƙashin motar, zan iya nuna maka inda ya kamata ragar ta bi.