Amsa ga mai tambaya kan yaron da komai sai ya kai baki

Assalamu alaikum matan gida, ina kwananmu, ya sanyin Jos? Ƙanwata, na ji muryarki tun jiya da daddare, kina cewa ɗanki mai shekara 3 komai ya gani sai ya kai baki, sabulu ne, alli ne, har ƙasar bakin ƙofa, kina neman yadda za ki koya masa. To bari in gaya miki yadda nake yi da 'yan ajina na nazire a nan Unguwar Rogo.

Tire nake cikawa da kaya: karas ɗin Farin Gada, ayaba, dafaffen dankalin turawa, sai soso, cokali, sabulu, alli. In ɗaga ɗaya in ce, na baki ne ko na hannu? Su amsa da ƙarfi, mu jefa a kwandonsa. Kullum fa, ba sau ɗaya ba, don yaron wannan shekarun maimaici ne ke zaunar masa da abu. Sai kwando na uku, wanda na fi ba muhimmanci, muna ce masa na tambaya. Duk abin da ba Mama ko Malama ce ta miƙa maka ba, kawo ka nuna tukuna. Kuma ranar da ya kawo miki, ko tsinke ne, don Allah ki yaba masa. In kika daka masa tsawa, gobe a bayan ƙofa zai ci.

Amma wallahi abin da ya fi damuna, mu manya mu ke rikita su. Ki ce wa yaro magani alewa ne don ya sha, to ranar da ya tsinci kwalbar sirof a kan gado me zai yi? Magani sunansa magani, babba ne kawai ke bayarwa. Mu zuba kananzir a robar lemo mu ajiye kusa da risho. Mu jiƙa sodar haɗa sabulu a bokiti, ga ta fes kamar ruwan sha. Kafur ɗin cikin kaya kamar minti. 'Ya'yan cini-da-zugu na jikin shinge kamar gyaɗa, alhali guba ne. Ya za a yi ɗan shekara 3 ya bambance? Shi ya sa koyarwar ba ta isa ita kaɗai. Fiya-fiya, maganin ɓera, Hypo, duk a sama ko a kulle, kowanne cikin mazubinsa na asali.

In kuma tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, yaro ya sha kananzir ko soda, kar a ɗura masa manja, kar a sa masa yatsa ya yi amai. Na san haka muka taso muna gani, amma aman ne ke kai kananzir cikin huhu, soda kuma ta sake ƙona maƙogwaro wajen fitowa. A ɗauke shi tare da robar abin da ya sha, a nufi asibiti mafi kusa, ko JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo, ko Plateau Specialist. Haka ɗan batirin nan mai kama da maɓalli na cikin agogo da kayan wasa, in yaro ya haɗiye shi ya maƙale, cikin awa 2 yana iya ƙona hanyar abinci, ko da yaron na wasansa lafiya lau, ba a jira.

Sai maganar ƙasar nan da alli. In ɗanɗanawa ce ta ƙuruciya, zai bari. Amma in nema yake yi kullum, har yana ɓoyewa ya ci, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, kuma ƙasar na kawo tsutsar ciki. Ki kai shi a auna jininsa cikin satin nan, ƙanwata, ki dawo ki gaya mana abin da likita ya ce. Allah ya raya mana su. Ki gaida mutan gidan.