Tambaya da amsa: Wane gilashin kyamara zan saya don hoton cikin gida?

Tambayoyin wannan makon sun taru wuri guda, kan ɗaukar hoton ɗakuna don haya ko sayarwa. Gilashin da nake nufi shi ne wanda ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda masu hoto a nan ke kira objektif.

Tambaya daga Garwa: Assalamu alaikum Malam. Ni dillalin gidaje ne, ina kuma kula da wasu ɗakunan haya masu kaya a ciki a wajen filin ƙwallo na Rumde Ajiya. Ina da Canon 2000D da gilashin da ya zo da ita, 18-55. In na shiga ɗaki, ko na manne da bango, gado da rabin taga kawai ke fitowa. Wane gilashi mai faɗi zan saya wanda ba zai cinye mini jari ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba hannunka ne ya gaza ba, gilashin ne ya kai iyakarsa. Lambar nan ta milimita da ke jikinsa, duk lokacin da ta yi ƙasa, abin da kyamara ke gani sai ya ƙara faɗi. Sannan sansar da ke cikin 2000D, wato ɗan farantin da ke karɓar hasken hoto, ƙarama ce, irin wadda ake kira APS-C, don haka kowace lamba sai ka ninka ta da 1.6 kafin ka san ainihin faɗinta in an gwada da manyan kyamarori. Wato 18 ɗinka kamar 29 ce. In ka tsaya mita 3 daga bango, abin da za ta kwaso bai wuce faɗin mita 3.7 ba. A milimita 12 za ka sami kusan mita 5 da rabi, a milimita 10 kuwa mita 6.7. Ka ga inda sauran ɗakin naka ya maƙale.

Abin da zan ce ka nema shi ne Canon EF-S 10-18mm f/4.5-5.6 IS STM. Ya fito a 2014 a kan dala 299, nauyinsa giram 240 ne kacal, kuma tun daga lokacin ban ga wani gilashi mai faɗi na Canon da ya fi shi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ba. Jikinsa roba ne har da bakin da ke shiga kyamara, wannan shi ne inda suka rage kuɗi. Hoton da yake bayarwa kuwa tas yake, musamman in ka matse ƙofar haskensa zuwa f/8 (lambar f in ta ƙaru, ƙofar ta ƙara tsukewa). Da yake ya daɗe a kasuwa, na hannu suna da yawa. In ɗan'uwa ne zai taho maka da shi daga Faransa ko Beljiyam, lissafin ba wuya, tunda sefarmu a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kenan duk yuro 100 ka ƙiyasta sefa 65,600, ban da ɗawainiyar kawowa.

Za ka haɗu da masu ce maka ka ƙara kuɗi ka ɗauki Tokina 11-16mm, wai shi f/2.8 ne, ya fi shan haske. Gaskiya ne, gilashi ne mai ƙwari, kuma ga mai ɗaukar bidiyon biki da dare yana da amfani. Amma ɗaki ba ya motsi. Kai abin da kake so shi ne daga hannun kujera har labulen can ƙurya komai ya fito sarai, wannan kuwa a f/8 ake samunsa. To me ya sa za ka biya kuɗin f/2.8 da ba za ka taɓa buɗewa ba, ka kuma ɗauki nauyin da ya ninka wancan fiye da sau biyu? Rarar kuɗin nan ka sa ta a ƙafa-uku mai ƙarfi, wato abin da ake kafa kyamara a kai. Haka nan kada sunan Canon 17-40mm mai jan zobe ya ja ka. An yi shi ne don manyan kyamarori irin su 6D da 5D. A kan taka zai koma kamar 27, wato kusan inda kake tsaye yanzu.

Sai abin da ya fi damuna, Alhaji, kuma ina roƙonka ka ji shi da kyau. In gilashin ya zo, kada ka zauna a kan milimita 10. Na taɓa raka wani mai gida a Pumpumre ɗaukar hoton ciki da falo. Falon bai fi mita 3 da rabi ba kowane gefe. Ya dage sai an buɗe gilashin har ƙarshe. A hoton, kujerar da ke kusa da ƙofa ta miƙe kamar kwalekwale, tayil ɗin gaba ya zama faka-faka, bangon can ciki ya yi nisa kamar zauren taro. Bayan kwana biyu wani malamin makaranta ya biya kuɗin babur tun daga wancan gefen gari ya zo da iyalinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi wayarsa, ya dubi falon, ya ce, "Wannan ne ɗakin da ke cikin hoton?" Bai ko zauna ba ya juya. Ba a ƙara wa ɗakin komai da kwamfuta ba, amma mutumin ya tafi da zaton an yaudare shi, kuma ban ga laifinsa ba. Dillali da amana yake cin abinci, la'adar yau ba ta kai mutumin da zai turo maka ɗan'uwansa gobe ba. Ka riƙa aiki tsakanin 12 da 14. Ka bar 10 don banɗaki da ƙaramin kicin, inda babu wurin ja da baya.

Tambaya daga Marwa: Malam, ina da Nikon D3200. Wani a Duwala ya turo mini hoton Nikon AF-P 10-20mm na hannu, ya ce in tura kuɗi ya sa a mota. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Gilashin kansa ba shi da aibu. Ya fito a 2017, shi ne takwaran wancan na Canon a sauƙin kuɗi da rashin nauyi. Matsalar tana cikin haruffan nan, AF-P. Irin injin saita gani da ke cikinsu ba ya jituwa da tsofaffin Nikon, kuma D3200 tana cikinsu, tare da D3100, D5100, D7000 da D90. Zai shiga bakin kyamarar lafiya lau, amma ba zai saita ba. Ko da hannu ka murza zoben ba abin da zai motsa, domin zoben ma ta wutar kyamara yake aiki. Da D3400 ko D3500 ko D5600 gare ka, da na ce bismilla.

Kai naka shi ne Sigma 10-20mm mai ɗauke da haruffan HSM, wanda aka yi don bakin Nikon, ko Tokina 11-16mm na biyu, mai alamar II. Ka lura da wannan alamar, domin na farkon ba shi da inji a ciki, a kan D3200 sai dai ka riƙa saitawa da hannu.

Sayen na hannu daga nesa kuma, ni ban cika so ba. Duwala gari ne mai ɗanshi, gilashin da ya yi shekaru a aljihun tebur a can yakan yi fumfuna a ciki. In akwai wanda ka amince da shi a can, ya je ya cire murafan biyu, ya haska tocilan waya ta baya, ya leƙa ta gaba. Ɗan ƙurar da zai gani ba komai ba ce, kusan kowane gilashi na da ita, ba ta fitowa a hoto. Amma in ya ga zare-zare kamar saƙar gizo, ko wani hazo-hazo a ciki, ya ajiye musu kayansu. Sannan ya ɗaura shi a kyamara, ya fuskanci bangon bulo sosai, ya ɗauka a f/8, ya buɗe hoton ya duba kusurwoyi huɗu. In gefe ɗaya ya yi dishi-dishi ɗayan kuma ya fito, gilashin ya taɓa faɗuwa, kuma gyaransa a nan ba ƙaramin aiki ba ne. In ya iso Marwa kuwa, abokin gabarka ƙurar hunturu ce: kada ka canza gilashi a tsakar gida, ka shiga ɗaki, ka kifa bakin kyamarar ƙasa.

Tambaya daga Injamena: Malam, ni ba ni da kyamara. Ina da gidaje biyu na haya a Sabangali, da waya nake ɗaukar hoto in tura wa masu nema. Na ga ɗan gilashin da ake maƙalawa a bayan waya, yana da kyau?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara albarka. Wancan ɗan gilashin mai matsewa kamar abin shanya, ki bar shi. Tsakiyar hoton kawai yake fitarwa, gefuna su dushe, ƙofa ta lanƙwashe. Ki buɗe kyamarar wayarki ki duba ko akwai alamar 0.5 ko 0.6 kusa da 1. In akwai, kina da gilashi mai faɗi a hannu. Yawancin iPhone na da shi tun daga 11 da ya fito a 2019, da yawa daga cikin Samsung Galaxy A ma haka. Wayoyi masu sauƙin kuɗi na Tecno da Infinix da itel kuwa, ko kin ga ido uku a baya, sau da yawa babu mai faɗi a ciki, don haka alamar nan ce shaida, ba yawan idanu ba.

Ƙaramin idon nan ba ya son duhu. Ki ɗauka da safe, labule a buɗe, fitilu a kunne in akwai wuta. Ki goge gilashin da ƙyalle mai laushi, ki riƙe wayar a kwance daidai ƙirjinki. In za ki tura ta WhatsApp, ki zaɓi HD ko ki aika a matsayin takarda, don kada ya matse hoton ya lalace. Ga gidaje biyu, wannan ya wadatar, ba sai kin sayi kyamara ba.

Tambaya daga Kuseri: Na ga gilashi milimita 8 mai araha, an rubuta "idon kifi" da Turanci a kwalinsa. Ba ya fi 10 faɗi ba?

Amsa: Ya fi faɗi, amma an yi shi ne don ya lanƙwasa layi da gangan. Bango zai fito kamar cikin randa. Bai dace da wannan aikin ba ko kaɗan.

Tambaya daga Ngaundare: Yaya, ni ɗalibi ne a Dang, ina ɗaukar wa masu ɗakunan haya hoto don in samu na kashewa. Na sayi 10-18 ɗin, amma bango yana fitowa kamar zai faɗo, taga kuma fari fat. Gilashin ne ya lalace?

Amsa: Ƙanena, gilashinka lafiyarsa ƙalau, kuma na ji daɗi da kake neman na kanka. Bango yana karkacewa ne saboda kana tsaye kana sunkuyar da kyamara ƙasa don gado ya shigo. Gilashi mai faɗi ba ya yafe wannan. Ɗan sunkuyon da ba ka ma lura da shi ba sai ya sa bangaye su buɗe ta sama. Maganin shi ne ka saukar da kyamarar gaba ɗaya maimakon ka sunkuyar da ita. Ɗora ta a ƙafa-uku, tsayin kamar mita 1.2 zuwa 1.4 daga ƙasa, ta dubi gaba sak. Ka kunna layukan da ke fitowa a allon kyamara, ka daidaita ɗaya daga cikinsu da gefen ƙofa ko kusurwar bango. Akwai ɗan ma'aunin ruwa irin na magina da ake soka wa a mazaunin filasha, kuɗinsa kaɗan ne, yana rage wahala sosai.

Saitin da nake farawa da shi: f/8, ISO 100 (ma'aunin saurin jin hasken sansa), ka saita gani a kan abin da ke nisan mita 2, daga nan kusan komai zai fito har ƙarshen ɗakin. Ka kashe IS, wato abin da ke rage girgizar hannu a gilashin, tunda kyamarar a kafe take, ka sa ta jira daƙiƙa 2 bayan ka danna don kada yatsanka ya girgiza ta. Ko ɗakin ya yi duhu har ta buɗe na daƙiƙa guda cur, ba matsala. Shi ya sa mai ƙafa-uku ba ya fasa aiki don an ɗauke wuta.

Ita kuma taga, ranarmu ce ta fi ƙarfin sansar. Hasken waje ya ninka na ciki nesa ba kusa ba, kyamara ba ta iya riƙe duka biyun a hoto ɗaya. Ka guji tsakar rana. Ka je da sassafe ko bayan la'asar. In ba yadda za ka yi, ka nemi AEB a cikin saitin Canon ɗinka, ka sa shi a -2, 0, +2, ta ɗauki hoto uku ba tare da ka motsa ta ba: ɗaya don taga, ɗaya don tsakiya, ɗaya don inuwa. Lightroom na kwamfuta yana haɗa su, darktable ma yana yi in ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, kuma shi kyauta ne. Ɗan karkacewar da ta rage, Snapseed na waya yana miƙe ta, amma yana yanke gefuna, don haka ka bar ɗan sarari tun wajen ɗauka.

Kafin ka danna, ka zagaya ɗakin da idonka. Gilashin nan yana kwaso abin da 18-55 ke bari a waje: buta a bayan ƙofa, wayar caja a ƙasa, takalman mai gida, har da ƙafar ƙafa-ukunka a cikin madubin sif. Ka kashe fankar sama ma, in ba haka ba za ta fito kamar hayaƙi a jikin silin.