Hukuncin Ƙara Sunayen Bogi a Takardar Rabon Tallafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Jos da wata ƙungiyar agaji da kuɗinta ke zuwa daga Turai. Mun kai wa 'yan gudun hijira shinkafa da barguna a Mangu. Gida 80 muka bai wa, amma ogana ya ce in rubuta 120, in dangwala yatsana a gurbin sauran, wai kuɗin Turawa ne ba na Musulmi ba. Masu binciken kuɗi suna tafe wata mai zuwa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka dangwala. Wannan shaidar zur ce, kuma ha'inci ne a cikin amana.

Hujjar ogan naka ba ta da tushe. A Suratun Nisa'i, aya ta 58, Allah Ya umarta a mayar da amanoni ga masu su, bai keɓe Musulmi ba. Da Annabi (SAW) zai yi hijira, sai ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu, alhali su ne ke neman ransa. Ballantana ma ba Baturen za ku cuta ba. Kason gidajen bogin nan 40 haƙƙin matan da aka ƙona musu gidaje ne, masu kwana da yara kan tabarma cikin sanyin Filato. Wallahi wannan ne ya fi damuna.

Bincike kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Annabi da kansa ya yi wa Ibnul Lutbiyya lissafi bayan ya dawo daga karɓar zakka. Da ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, sai Annabi ya hau mumbari ya tsawatar. A hadisin Muslim, wanda aka ɗora wa aiki ya ɓoye ko allura ce, zai zo da ita ranar ƙiyama. Dokar ƙasa ma, wato dokar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAMA) ta 2020, ta wajabta wa ƙungiyoyi masu rajista adana bayanan kuɗi da kai rahoton shekara ga hukumar da ke yi musu rajista (CAC), EFCC kuma tana gurfanar da masu zamba. Yatsanka ne zai kasance a takardar, ba na oga ba.

Fara yi masa nasiha a keɓe. Idan ya ƙi ji, ka adana takardar gaskiya, ka gaya wa masu binciken abin da idonka ya gani, ba ƙari ba ragi. Wannan ba gulma ba ce, malamai sun halatta kai ƙarar mai ɓarna gaban wanda zai iya hana shi. Idan an taɓa ba ka wani kaso a baya, ka tuba ka mayar da shi asusun aikin.

Wallahu a'alam.