Bugu uku a kan girin: in sayi na'ura ne, ko da wani atisaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina buga golf a filin IBB da ke Abuja. Bugun nesa bai cika ba ni wahala ba, amma da na hau girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, sai lissafi ya dagule, sai na yi bugu uku, wani lokacin huɗu, kafin ƙwallo ta faɗa rami. Wani abokina ya ce in yi odar tabarmar atisaye da wata na'ura mai hasken leza daga waje. Za su yi mini amfani? Daga mai karatu a Gwarimpa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Ban ce kayan ba su da amfani ba, amma ba a sayen magani kafin a san ciwo.

A fili mai ramuka 18 da fa 72 (adadin bugun da aka ƙayyade wa gwani ya gama filin da shi), lissafin da aka gina wasan a kai shi ne bugu biyu a kowane girin, wato 36, rabin wasan ke nan cif. Don haka a zagaye biyu masu zuwa ka riƙa rubuta abu biyu a bayan katinka: bugu nawa ka yi a girin, kuma bugun farko taku nawa ya bar maka zuwa rami. In yana barin ka da taku biyu ko uku, ciwonka na awon ƙarfi ne. In kuwa yana ajiye ka dab da rami amma na biyun ya goce, to fuskar fotarka, sandar da ake bugu da ita a girin, ita ce ba ta kallon inda kake zato. Cikin waɗanda suke zuwa wurina da irin kukanka, mafi yawa na farkon ne. Da wuya ka ga wanda ya kuskure rami da taku uku ta dama ko ta hagu, amma wanda ya gaza ko ya zarce da taku uku, kullum sai ka gan shi.

Nan ne tabarmar abokinka ta gaza. Tsawonta da ƙyar ya wuce mita 3, shimfiɗe take sumul, saurinta na jiya shi ne na yau. Girin kuwa ba haka yake ba. Wanda ka buga da sassafe cikin damina, raɓa kwance a kan ciyawa, ba shi za ka tarar da azahar a lokacin hunturu ba, sa'ad da iska ta busar da shi ƙwallo tana gudu kamar an kore ta. Hannu ne ke koyon wannan, kuma a kan ciyawa yake koyo.

Ga abin da za ka yi. Je girin atisaye da ƙwallo huɗu da tsinken ti huɗu, irin wanda ake ɗora ƙwallo a kai a bugun farko, ka manta da rami gaba ɗaya. Kafa tsinke a taku 5, 10, 15 da 20. Buga ƙwallo ɗaya zuwa kowane tsinke, sannan ka hargitsa jerin: na 15, na 5, na 20, na 10. Kada ka buga nisa ɗaya sau biyu a jere, domin a fili ba wanda zai ba ka na biyu. In ka ɗan saba, ƙara wannan: bayan ka buga kada ka ɗaga kai, ka fara faɗa wa kanka "ta gaza" ko "ta zarce", sannan ka duba. Ranar farko za ka sha mamakin yadda hannunka ke yi maka ƙarya. Bayan mako biyu zai fara faɗin gaskiya, kuma abin da muke nema ke nan. Ka kula, ƙarin nisa daga tsawon jan fota baya yake zuwa, ba daga fizgar wuyan hannu ba.

Sai ka koma ga rami. Kwantar da wata sandarka a bayansa, kamar rabin mita. Ƙwallon da ba ta kai rami ba kuskure ne, wadda ta taɓa sandar ma kuskure ne. Dave Pelz, malamin golf na Amurka wanda ya taɓa aiki a hukumar NASA, ya ce ƙarfin da ya fi dacewa shi ne wanda in ƙwallo ta kuskure za ta wuce rami da inci 17, kusan santimita 43. Wasu malaman na ganin hakan ya yi yawa a girin mai sauri, ni ma a gangare ina rage shi. Sannan ka yi wannan daga sama zuwa ƙasa da kuma daga ƙasa zuwa sama, kada ka liƙe wa wuri mai daɗi.

Na kusa kuma, duk kayan da kake buƙata ba su kai kuɗin kadi, mai ɗaukar maka jakar sanduna, na yini biyu ba. Faɗin rami milimita 108 ne, ƙwallo kusan 43, ka ga akwai wuri, muddin ta tashi daidai. Kafa tsinke biyu, ɗaya a hancin fota ɗaya a dunduniyarta, su zama ƙofar da kan fotar zai ratsa da ƙyar, taku ɗaya da rabi daga rami. Tiger Woods da wannan aka san shi, har da hannun dama kaɗai yake yi. In kana karkata, tsinken zai yi ƙara ya tona maka asiri. A gida, sayi rular ƙarfe mai mita ɗaya a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, ka ɗora ƙwallo a bakinta ka mirgina ta har ƙarshe. Fuskar fota ta ɗan buɗe ko ta rufe, ƙwallon za ta sauka tun a tsakiya. Aikin lezar ke nan, ba ƙari. Madubin da ake sayarwa da tsada kuwa, tsohon faifan CD ya wadatar: zaunar da ƙwallo a hudar tsakiyarsa, ka tsaya kamar za ka buga, ka ga ko idonka na saman ƙwallon ko ɗan ciki kaɗan. In ya leƙa ya wuce ta, to tsayuwarka ta yi kusa da ƙwallon da yawa.

Abin da kaya ba sa koyarwa shi ne bugawa zuciya na dukan uku-uku. Phil Mickelson, shahararren ɗan golf na Amurka, yakan jera ƙwallo 10 kewaye da rami a nisan ƙafa 3, ya ce sai ya zura 100 a jere, in ya kuskure ya koma farko. Kai fara da 20. Ta 18 da ta 19 za ka ji tafin hannunka ya yi gumi, kuma wannan gumin ne ake so. Na taɓa tsayawa kallon yara kadi a Jos, a Rayfield, filin da ke nan tun 1913 zamanin Turawan kuza. Fota ɗaya ce tsohuwa, roba ta zare daga mariƙinta, suna karɓa-karɓa, wanda ya sha kaye shi zai sayi lemo. Ba su da tabarma ba su da leza, amma da wuya su yi bugu uku. Ka samu abokin naka ku riƙa irin wannan.

Kada kuma ka matsa wa kanka. Ƙwararrun gasar PGA, babbar gasar golf ta Amurka, su ma daga ƙafa 8 kusan rabi suke zurawa.

Dokar wasa ta hana amfani da waɗannan kayan atisaye wajen bugu a cikin zagaye, amma layin da ka ja da maka a jikin ƙwallo halas ne. In kana da rabin awa, ba awon ƙarfi minti 20, na kusa minti 10, sau uku a mako. Tabarmar kuma, in aiki da cunkoson hanya na hana ka zuwa fili sai Asabar, sayi mai araha ka shimfiɗa a falo don ƙofar tsinke, sai ka sa kwalin ashana biyu a madadinsu. Bayan wata ɗaya ka turo mini abin da ka rubuta a bayan katin.